Kafin a gina tashar nukiliya, a koyi sanin asalin bireka

Duk lokacin da aka tayar da maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, hirar kan tsaya ne a kan manyan abubuwa: dala biliyan nawa, megawat nawa, a Geregu ta jihar Kogi za a fara ko a Itu ta Akwa Ibom, ina aka kwana kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi wa zai riƙe sito ba. Ni kuwa a ganina sito ne ya kamata a fara bincika, musamman kantar da ake jera birekokin ajiya a kai, wato na'urorin da ke katse wutar lantarki da kansu idan ta wuce kima, waɗanda za a ɗauko a maye gurbin na jikin allon rarraba wuta ranar da suka lalace. Ra'ayina a taƙaice shi ne, birekar da ba a iya bin sawunta da takarda har zuwa masana'antar da ta ƙera ta ba ta da hurumin shiga layin kariya na tashar nukiliya, wato layin wutar na'urorin da ke hana haɗari, ko da ta ci kowane gwaji da aka yi mata a ɗakin gwaji.

Tukunyar nukiliya ba janareta ba ce da za a murza makulli ta mutu ta huce. Bayan an kashe ta, makamashin da ke cikinta na ci gaba da fitar da zafi, kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfinta a daƙiƙun farko, ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya da rabi bayan awa guda. Tashar da ke ba da megawat 1,000 na lantarki tana dafa zafin da ya kai kusan megawat 3,000, ke nan a lokacin da aka ce an kashe ta akwai zafin megawat 200 ko kusa da haka yana nan daram. Ruwa ne ke kwashe shi. Famfuna ke tura ruwan, bawul masu motar lantarki ke buɗe masa hanya, kuma kowannensu ta bireka yake samun wuta. A tashar Fukushima ta Japan a 2011 tukwanen da ke aiki sun kashe kansu yadda aka tsara. Abin da aka rasa shi ne wutar famfuna, bayan ruwan teku ya cinye janaretoci da allunan rarraba wuta.

Bireka kan ci amana ta fuska biyu. Ko ta faɗi ba dalili, misali a daidai lokacin da motar famfo ke tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da take ja a tafiyarta ta yau da kullum, sai famfon ya tsaya ranar da aka fi bukatarsa. Ko kuma ta ƙi faɗuwa alhali wayoyi sun haɗu a ƙasanta, sai babbar birekar da ke sama da ita ta faɗi a madadinta, allo guda ya mutu gaba ɗaya da duk abin da ke rataye a jikinsa. Matsalar mota ɗaya ta zama ta famfuna da bawul goma.

Wanda ya taɓa fasa bireka mai baƙin kwanso ya san abin da ke ciki ba shi da yawa. Akwai ɓallen ƙarfe mai haɗi biyu da ke lanƙwasa idan ya ɗauki zafi, shi ke kula da lodin da ya wuce kima kaɗan-kaɗan. Akwai maganaɗisu da ke fizge maƙalin nan take idan wuta ta yi tsalle. Akwai bakin haɗuwa mai ɗigon azurfa, da sifirin, da jerin ƙananan faranta na ƙarfe da ke yayyanka harshen wutar da ke tashi lokacin rabuwa har ya mutu. A jikin kwanson kuma akwai lambobi biyu. Ɗaya kowa na karanta ta, amfiya 32 ko 100 ko 250. Ɗayar kuwa da wuya mai saye ya kalle ta: 6,000 a cikin ɗan akwati a jikin ƙananan na gida, ko 25,000, 36,000 har 65,000 a manya. Wannan ita ce iyakar wutar da birekar za ta iya katsewa ba tare da ta fashe ko bakinta ya narke ya manne ba.

A kan wannan lamba ta biyu hujjata ta tsaya. Ba a iya gwada ta ba tare da an cinye birekar ba. Masana'anta kan ɗauki samfuri ta kai ɗakin gwaji mai ƙarfin gaske, a sake masa dubban amfiyoyi, a ga ya katse, sannan a ajiye shi gefe, ba ya komawa kasuwa. Sauran 'yan uwansa da aka ƙera a layi ɗaya da kaya iri ɗaya su ne ke cin gadon wannan sakamako. Idan ba ka iya tabbatar da cewa birekar da ke hannunka 'yar wannan layin ce, kuma ba wanda ya buɗe ta tun fitowarta, to lambar da ke jikinta fenti ce kawai.

Amurka ta koyi wannan a 1988. Kamfanin da ke tafiyar da tashar Diablo Canyon a Kalifoniya ya kai rahoto cewa birekokin da aka sayar masa a matsayin sababbi ƙirar kamfanin Square D ashe tsofaffi ne da aka gyaggyara aka sake wa lakabi. Da hukumar sa ido kan nukiliya ta ƙasar, NRC, ta bi diddigi, sai ta tarar ba kamfani ɗaya ke wannan sana'a ba. A watan Nuwamba na shekarar ta fitar da sanarwa mai lamba 88-10, ta umarci kowace tasha ta ƙidaya birekokin da ta saya kafin 1 ga Agusta 1988 take ajiye da su don layukan kariya, ta nuna takardar da ke kai kowacce ga maƙerinta. Tashar da na sitonta ba su kai 50 ba sai ta cika da waɗanda ta riga ta ɗaura. Idan waɗanda aka gano asalinsu ba su kai kashi 80 cikin 100 ba, ko fiye da kashi 10 na waɗanda aka gwada suka faɗi gwajin, to binciken ya fita daga sito ya shiga jikin tasha, a bi duk wadda aka saya daga Agustan 1983. Shekara biyu bayan haka, ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ba da rahoton cewa aƙalla tashoshi 72 cikin 113 sun ɗaura ko ana zargin sun karɓi kayan da ba su cika ƙa'ida ba. Wannan fa ƙasa ce mai dokar ingancin kayan nukiliya tun farkon shekarun 1970.

Abin da ya fi burge ni a sanarwar shi ne sharaɗin da ta sa kan takardar shaida: idan ba daga hannun maƙeri ta fito ba, wajibi ne mai tasha ya tabbatar da ingancinta da kansa. Mu a Kano wannan ba baƙon tunani ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba daɗin lafazi ake dubawa ba, isnadi ake bi, wane daga wane daga wane. Mutum ɗaya ya ɓace a tsakiya, ko a sami wanda ba a san halinsa ba, darajar ruwayar ta sauka komai kyan matanin.

A aikace, bin sawun yana farawa ne tun daga takardar oda, ba ranar da kaya suka iso ba. A rubuta cikakkiyar lambar samfurin, da amfiya, da ƙarfin wutar da za ta zauna a kai, da iyakar katsewa, da duk ƙananan na'urorin da ke maƙale. A rubuta ƙarara cewa sabuwa ake so, ba gyararriya ba, ba a yarda a canza samfuri ba sai da izini a rubuce, kuma mai saye na da ikon zuwa ya duba littattafan dillali. Idan kayan sun zo, takardu uku ake jerawa: shaidar maƙeri mai ɗauke da lambar kowace bireka ko lambar rukunin da ranar ƙira, rasit ɗin da maƙeri ya ba dillalin farko, da takardun jigila na kowane zango. Sai a zauna a yi lissafi. A ce maƙeri ya sayar wa dillali guda 20, dillali ya kawo maka 30 da takarda ɗaya. Goma daga wani wuri suka fito, kuma tunda ba ka san waɗanne goman ba ne, duka 30 ɗin za su tafi ɗakin killacewa da jan kati a wuyansu. Sannan a tuntuɓi masana'anta kai tsaye, da adireshin da aka samo daga wajenta, ba lambar wayar da ke ƙasan takardar dillali ba. Wanda ya iya buga satifiket na jabu ba zai gagara ajiye mai amsa waya ba.

Daga nan sai ido da hannu. Gyararriyar bireka tana da alamominta. Lakabin jikinta kan zama na hoto, rubutun ya ɗan baje, ko an manna shi a karkace a kan shatin tsohon. Hatimin da masana'anta ke toshe ramin sukurun kwanso da shi ya fashe ko an cike shi da wani abu daban. Kan sukurori na da tabon sukundireba. Inda waya ke shiga akwai gurzar tsohuwar waya, ko ƙafa uku, wato layukan wuta uku da ke ratsa birekar, amma maɗaurai iri biyu. Kwanson na ƙyalli fiye da kima don an shafe shi da mai ko an fesa masa fenti, wani lokacin har ƙaurin ƙuna na nan idan ka kai hanci. Lambar amfiya da ke kan hannun birekar an kankare an sake bugawa. Kwali ɗaya amma ranakun ƙira sun bambanta da shekaru. Jabun da aka ƙera daga tushe kuwa sikeli kan tona asirinsa: a ɗora shi kusa da na gaske, sai a ga bai kai shi nauyi ba, domin an rage tagulla ko an cire farantan kashe wuta. Akwai waɗanda idan aka fasa ba a samun komai sai makunni, babu ɓallen ƙarfe babu maganaɗisu. Irin wannan ba za ta taɓa faɗuwa ba har gini ya ƙone.

Gwajin lantarki na zuwa ne a ƙarshe, kuma yana da amfaninsa. A kunna a kashe da hannu sau da dama a ji ko maƙalin na kamawa tsaf. A auna juriyar bakin haɗuwa na kowace ƙafa; idan ɗaya ta yi wa sauran biyun nisa, bakinta ya ci wuta a baya. A ɗora mata cikakken lodinta a ga ta riƙe. A ma'aunin Amurka, a kashi 135 cikin 100 na lodinta dole ta faɗi cikin awa ɗaya idan ba ta wuce amfiya 50 ba, awa biyu idan ta wuce. A ma'aunin ƙasa da ƙasa na manyan birekoki, kada ta faɗi a ninki 1.05, ta faɗi a ninki 1.30. A ba kowace ƙafa ninki uku na lodinta a riƙe agogo, a gwada lokacin da jadawalin maƙeri. A gwada faɗuwar nan take, sannan a auna rufin da ke raba ƙafa da ƙafa. Duk wannan na iya fitar da ruɓaɓɓiya. Amma tsohuwar birekar da ta taɓa katse babbar wuta sau biyu, aka goge bakinta da sanfefa har azurfar ta kusa ƙarewa, tana iya tsallake su duka lafiya lau, ta zo ta fashe ranar da wayoyi suka haɗu da gaske. Ita ma jarrabawar girgizar ƙasa da ake yi wa kayan layin kariya haka take, samfuri ake girgizawa, sauran su gaji sakamakon. Sanarwar 1988 ta tanadi gwaji ga waɗanda aka kasa gano asalinsu, amma wannan sassauci ne na wanda ya riga ya tsinci kansa da tashoshi sama da 100 suna aiki. Ƙasar da ba ta aza tubali ba tukuna ba ta da wannan uzuri.

Masu ja da wannan ra'ayi na da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko, takarda ma ana yin jabunta. Gaskiya ne, kuma Koriya ta Kudu ce shaida. A Nuwamban 2012 aka rufe tukwane biyu a tashar Yeonggwang bayan an gano dubban ƙananan kaya, irin su fis da makunnai, sun shiga da satifiket na bogi tsawon kusan shekara goma. A Mayun 2013 aka sake rufe wasu a Shin Kori da Shin Wolsong saboda wayoyin sarrafawa da aka yi wa sakamakon gwaji na ƙarya, ƙarshe mutum kusan 100 suka gurfana gaban kotu. Sai dai abin da labarin ke nunawa shi ne an riƙa karɓar takarda ana sakawa a fayil ba tare da an tambayi wanda aka ce ya ba da ita ba. Maganin takardar ƙarya tabbatarwa ce daga tushe, ba watsi da takarda ba.

Hujja ta biyu ta fi wuya. Tashar nukiliya kan yi shekara 40 zuwa 60 tana aiki, samfurin bireka kuwa ba ya kai haka a kasuwa. Ranar da maƙeri ya daina yin irin wadda ta dace da ramin allonka, masu kayan gwanjo ne kaɗai ke da ita, kuma kowace rana da tasha ta yi a rufe asarar miliyoyi ce. A nan ne injiniyan kirki ke shiga jarraba. Hanyoyin fita uku ne, duka masu tsada: a sayi ajiya mai yawa tun masana'anta na ƙerawa, ko a mayar da tsofaffin ga maƙerinsu ko wanda aka tantance ya gyara su a fili da takarda, ko a sake fasalin ramin a ɗaura sabon samfuri bayan an lissafa daidaituwarsa da birekar sama da ta ƙasa. Gyara ba laifi ba ne. Laifin shi ne algus, a sayar da gyararriya da sunan sabuwa.

Ko asali ya tabbata, aiki bai ƙare ba, domin bireka na tsufa a zaune. Giris ɗin da ke maƙalinta na daskarewa, ƙura na shiga, damshi na kawo tsatsa. A Fabrairun 1983, a tashar Salem ta jihar New Jersey, sau biyu cikin kwana uku manyan birekoki biyu da ke sakin sandunan kashe tukunya suka ƙi buɗewa da umarnin na'ura, sai da ma'aikaci ya kashe da hannu. Ba jabu ba ne, na gaske ne daga kamfanin Westinghouse. Ɗan maƙalin da ke saki ne ya cije saboda rashin kulawa da shafa mai yadda ya kamata, kuma bincike ya nuna ba a ba su matsayin kayan kariya a tsarin gyaran tashar ba. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Kano, da ma'auni ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai shiga ko cikin akwati, ya san abin da shekara biyar a sito mai rufin kwano za ta yi wa sifirin da giris. Don haka kowace bireka ta ajiya na bukatar ɗaki mai daidaiton zafi, a bar ta cikin kwalinta, a sa mata wa'adin zama, a sake gwada ta kafin ɗaurawa, a kuma rubuta ramin da ta shiga. Wannan rubutun na ƙarshe shi ne zai sa, ranar da maƙeri ya ce rukuni kaza na da aibi, a san inda kowacce take cikin awa guda maimakon a buɗe alluna ɗari.

Wani zai ce mu da ba mu da tashar, me ya yi mana zafi? Abin da muke da shi ƙaramar tukunyar bincike ce mai ƙarfin kilowat 30 ko ɗan sama, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana aiki tun 2004. Amma ma'aikatan da za su riƙe sito da sashen saye na babbar tasha ba daga sama za su faɗo ba. Daga cikinmu za a ɗebo su, da ɗabi'un da suka saba. Ɗabi'ar kuwa sananniya ce: a nemi farashi uku, a ba mafi araha, ɗan kwangila ya shiga kasuwa ya haɗo kaya, mai sito ya ƙirga kwalaye ya sa hannu. A shagunan kayan wuta na Sabon Gari, mai shago na gaskiya zai tambaye ka da bakinsa, orijina kake so ko mai sauƙi, kuma sau da yawa mai saye ne ke zaɓar mai sauƙin. Masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da asibitoci masu ɗakin tiyata, duka ta wannan hanyar kaya ke iso musu. Mutumin da ya shekara 15 yana karɓar kaya da ƙirgen kwali ba zai zama mai bin isnadin bireka ba don an kai shi kwas na wata uku a ƙasar waje.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan. Hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, da dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, ita ya kamata ta rubuta wannan sharaɗi cikin ƙa'idojin lasisi tun kafin a sa hannu kan kwangilar gini, domin mai gina tasha ne zai kawo kayan ajiyar shekarun farko, kuma abin da ba a nema a rubuce ba, ba za a ba da shi ba. Hukumar SON mai tantance kayan da ake shigo da su, da NEMSA da dokar 2015 ta ɗora wa duba kayan lantarki, su ne za su iya kafa wurin gwajin birekoki da kowane kamfani zai kai samfuri a farashi mai sauƙi, kuma Kano, da take raba kaya zuwa Arewa har Nijar, ta cancanci guda. Manyan tashoshin rarraba wuta irin ta Kumbotso wuri ne da za a fara horar da masu karɓar kaya a kan wannan tsari tun yanzu.

Akwai kuma wata ƙofa da kowane kamfani zai iya toshewa gobe ba tare da jiran doka ba. Gyararrun birekoki ba daga sama suke zuwa ba, daga kwandon shararmu suke fitowa. Ana cire wadda ta ƙone a jefa cikin tarkace, 'yan gwangwan su saya da kilo, wani ya tsince ta ya wanke ya manna sabon lakabi, bayan wata uku ta dawo cikin kwali. Kafin tsohuwar bireka ta bar harabar kamfani, a rubuta lambarta a littafi, a ɓare lakabin, a sa guduma a fasa kwanson, a karya hannun, sannan a sayar da tagullar. Kwalayen sababbin da aka ɗaura su ma a yayyaga su, domin kwalin orijina da babu komai a ciki yana da masu saye.